Sauya sigar API ba tare da an karya manhajar mai shago ba

Sana'armu ita ce haɗa manhajojin 'yan kasuwa da sabar (babbar kwamfuta) da ke ajiye bayanansu ta hanyar API, wato ƙa'idar da manhaja da sabar ke bi wajen musayar saƙonni, kuma yawancin saƙonnin da ke kai-komo a tsakaninsu da tsarin JSON ake rubuta su, inda kowane bayani ke da gurbinsa mai suna. Sabar tana hannunmu, ko cikin dare muna iya sabunta ta. Manhajar da ke wayar mai shago kuwa sai ranar da ya ga dama, ko ranar da ya samu data. Dole ke nan tsohuwar siga da sabuwa su yi aiki tare na tsawon watanni.

Ƙara sabon gurbi a saƙo ba ya buƙatar sabuwar siga, muddin an gina manhajar ta tsallake duk abin da ba ta sani ba. Abin da ke jawo ɓarna shi ne cire gurbi, sauya masa suna, ko sauya ma'anarsa. Na ƙarshen nan ya fi muni, domin babu wani kuskure da zai bayyana. A ce gurbin "amount" na ɗauke da naira 5000, sai aka mayar da lissafin zuwa kwabo ya koma 500000. Saƙon lafiyarsa ƙalau, sabar ta amsa da lambar 200 mai nuna komai ya tafi daidai, amma tsohuwar manhaja za ta buga wa kwastoma rasit na naira dubu ɗari biyar. Gyaran mai sauƙi ne: a bar "amount" yadda yake, a ƙara "amount_kobo" a gefensa.

Idan sauyin ya zama dole, sai a fitar da sabuwar siga. GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, na sanya kwanan wata, kamar 2022-11-28, a kan saƙon buƙata, Stripe ma, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kwanan wata yake bambanta sigoginsa. Mu dai mun fi son /v1/ da /v2/ (siga ta ɗaya da ta biyu) a cikin adireshi, don da an buɗe rajistar sabar za a ga wanda har yanzu yake kan tsohuwa.

Masu amfani da Protocol Buffers, wani tsarin rubuta saƙo da ke ba kowane gurbi lamba, su kiyaye: lambar gurbin da aka goge ba a sake ba wa wani. A kulle ta da "reserved", in ba haka ba tsohuwar manhaja za ta karanta sabon bayani da tsohuwar ma'ana.

Kafin a rufe /v1/, a riƙa aika ranar rufewar a layin Sunset da ke kan saƙon amsar sabar, wanda takardar ƙa'idar intanet RFC 8594 ta tanada a 2019, a kuma kira manyan kwastomomi a waya, don ba kowa ke duba wannan layin ba. Bayan ranar, sabar ta riƙa amsawa da 410 (an cire) maimakon 404 (ba a samu ba), domin mai gyara ya gane da gangan aka cire.