Sifilin da ya ɓace daga rajistar adashi

Makon jiya shugabannin wata ƙungiyar adashi ta unguwarmu, Aboabo, a nan Kumasi, suka kawo mini rajistar mambobinsu a fayil ɗin CSV domin in fitar musu da lissafin shekara. Na buɗe manhajar R, wadda ake lissafi da nazarin bayanai da ita, na yi amfani da umarnin read.csv, nan take jadawali ya bayyana ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba, kuma wannan shirun ne ya kusa yaudarata.

Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla, waƙafi ne kawai ke raba bayanansa, saboda haka R ce ke ƙiyasta wane ginshiƙi ne adadi, wanne ne kalmomi. Lambar wayar Gana tana da alƙaluma 10, na farkonsu sifili ne, amma da R ta ɗauke ta a matsayin adadi sai ta zubar da sifilin, kowace lamba ta koma alƙaluma 9. Ginshiƙin kuɗi kuwa ya zama kalmomi da ba sa taruwa, domin magatakarda ya rubuta 1,200 da waƙafi a tsakiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sunaye. An adana fayil ɗin da tsohon tsarin adana haruffa na Windows-1252, wanda babu ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa, balle ɛ da ɔ na maƙwabtanmu Asante, sai alamar tambaya ta maye gurbin kowannensu. Wannan ɓarna tun wajen adanawa ta auku, babu umarnin da zai gyara ta, dole na koma wurin magatakarda ya sake adana shi da UTF-8, tsarin da ke ɗauke da duk waɗannan haruffa.

Yanzu sai na buɗe fayil a Notepad, manhajar da ke nuna rubutu zalla, na karanta layukan farko da idona, sannan in sa colClasses = "character" domin komai ya shigo a matsayin rubutu, in juya kowane ginshiƙi da kaina. Ta haka na tarar da zubin wata dattijuwa an rubuta 1,000,000. Tun watan Yulin 2007 aka sauya kuɗinmu, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, amma iyayenmu har yau da tsohon lissafi suke magana. Na je gidanta na gaishe ta, na ce, "Hajiya, nawa kuka zuba?" Ta ce miliyan ɗaya, na rubuta sidi 100.