Godiya ga waɗanda suka kai mana saƙo lokacin da babu layi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya da hantsi saƙonnin da na tura wa maiɗakina tun watan Satumba suka nuna alama biyu a WhatsApp. Kusan wata uku suna maƙale da alama ɗaya. Alhamdulillah, layi ya dawo Kauran Namoda, kuma akwai godiyar da ta zama wajibi a kaina.

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka ba da umarnin katse layukan waya a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka ce mako 2 ne. Ni ina Kano wajen aiki, ita tana gidansu goyon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma cikin fari ne. Da farko mutane na fitowa Funtuwa su yi kira su koma, sai ita ma aka haɗa ta cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina da aka rufe wa layi. Na san saƙo ba ya tafiya, amma kullum bayan sallar isha'i sai na rubuta na tura.

Godiyata ta farko ga direban motar Gusau, dattijon da na tarar a tasha. Baba, ba ka san ni ba, ka karɓi wasiƙata ka sa a aljihun gaba, ka ce idan ka sauka za ka ba wani yaronka mai zuwa Kaura. Bayan kwana huɗu ka dawo da amsa a takardar da aka yago daga littafin makaranta: ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. A gabanka na karanta, ka ga hawayena, ka yi mini barka. Kai ka kai kuɗin hidimar suna, don masu POS duk sun rufe, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Na ba ka na goro ka ƙi karɓa. Allah ya tsare ka a wannan hanya da kake bi kullum da ranka a hannu.

Sai maƙwabcin surukaina. An rufe kasuwannin mako, an hana safarar dabbobi, ragon suna ya gagara ko da kuɗi a hannu. Alhaji ya kwance ɗaya daga turkensa ya ce a yanka, a yi maganar kuɗi daga baya. Allah ya ƙara arziki.

Ungozomar da ta kwana a kanta, Inna, Allah ya saka da Aljanna. Ƙanin maiɗakina kuma, da layi ya dawo Gusau a farkon Oktoba, ya shigo mota takanas da hoton jaririyar a wayarsa don kawai ya turo mini. A nan na fara ganin fuskarta. Na gode, ƙanena.

Ban manta da waɗanda saƙon da ya iske su na rasuwa ne ba, wasu ma sai bayan an yi sadakar bakwai. Allah ya ji ƙan mamatanmu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Zamfara.

Mai jego da jaririya suna lafiya, sun gama wanka. In sha Allahu ranar Asabar zan je in ɗauko su.