Kamanni ba dangantaka ba ne: ga mai son nazarin tarihin harsuna

Kuskuren da ya fi cin mini shekaru a wannan fage shi ne farautar kalmomi masu kama da juna. A harshen Mbabaram na Ostireliya, sunan kare dog ne, daidai da na Turanci, alhali ko a mafarki ba su haɗa kaka ba. Shi kuwa erku na Armeniyanci da duo na Latin, dukansu "biyu", tushensu ɗaya, ko da yake kunne ba zai gaya maka ba.

Abin nema shi ne sautin da ke sauyawa a kai a kai a muhalli guda. Dubi dokar Klingenheben a Hausa: k ta ƙarshen gaɓa ta koma u, shi ya sa talaka ya haifi talauci. Haka b da m, don sabro da amre na Sakkwatanci su ne sauro da aure. Tara duk misalin da ya bi doka, sannan ka buɗe shafi daban ga waɗanda suka bijire. Na daɗe ina watsar da su, kuma na yi asara babba. Daga irin waɗannan bijirarrun na dokar Grimm, ta sauyin sauti a harsunan dangin Jamusanci, ne Karl Verner ya fitar da tasa a shekarun 1870, da ya lura da gaɓar da ƙarfin murya ke sauka a kanta.

Kafin kwatance, tace kalmomin aro. Littafi daga Larabci ya shigo, ba ya shaidar jini ɗaya. Fara da kalmomi 100 na jerin Swadesh, wato kalmomin yau da kullum da masanin harshe Morris Swadesh ya jera, irin su ido, ruwa, wuta da wakilan suna, domin ba a cika aronsu ba. Amma kada ka auna shekarun rabuwar harsuna da su. An taɓa cewa 14 cikin 100 ke zubewa duk shekara 1000, sai masana Bergsland da Vogt suka nuna a 1962 cewa harshen Aisilan bai bi wannan lissafi ba.

Tun ranar farko ka riƙa sa alamar karin sauti da tsawon wasali. Idan kukan jariri da itacen kuka suka fito iri ɗaya a kundinka, sai ka sake komawa fili, wataƙila dattijon da ya ba ka kalmar ya riga mu gidan gaskiya.

A digiri na uku, ɗauki harsuna uku zuwa biyar na reshe ɗaya. Asalin harshen ɗan Adam gaba ɗaya ya fi ƙarfin hanyar kwatance, wadda ganinta ke dusashewa wajen shekara 10,000 baya. Ƙungiyar masana harshe ta Paris ma ta daina karɓar maƙala a kansa a 1866.

Koyi karanta Jamusanci da Faransanci da wuri, domin da yawa daga cikin tsoffin bayanan harsunan Cadi, dangin da Hausa take ciki, da su aka rubuta. Guraben koyar da wannan fanni kaɗan ne a jami'o'i, don haka ka haɗa da tsarin sauti ko taskace harsunan da ke gab da ɓacewa, inda tallafin bincike ya fi samuwa.