Yadda Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi Ke Kauce wa Karo

Tun shekarar 2016, lokacin da kamfanin DJI ya fitar da Phantom 4 ɗauke da kyamarori biyu a goshinsa, ƙananan jirage marasa matuƙa da ake sayar wa jama'a suka fara tsayawa da kansu idan suka doshi bango ko bishiya. Dabarar irin ta idanun mutum ce wajen auna nisa. Kowace kyamara tana hangen abu guda daga ɓangarenta, sai kwamfutar cikin jirgin ta gwama hotunan biyu. Abin da ke kusa yakan goce sosai tsakanin hoton dama da na hagu, na nesa kuwa da ƙyar yake gusawa, kuma da wannan bambancin ake lissafa tazara sau da dama cikin daƙiƙa guda. A ƙarƙashin da yawa daga cikin irin waɗannan jirage kuma akwai na'urar da ke harba hasken da ido ba ya gani, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, domin jirgin ya san nisansa da ƙasa.

Da zuwan Mavic Air na DJI a 2018, jirgin ya koyi kewaye shinge ya ci gaba da tafiya ko da mutum ne ke tuƙa shi da hannu. A 2019 kamfanin Skydio na Amurka ya fito da Skydio 2 mai kyamarori shida na lura da hanya, wanda ke iya bin mai keke ta cikin kurmi.

Sai dai a ganina masu saye suna ba wannan fasaha amanar da ta fi ƙarfinta. Tunda gwama hotuna take yi, dole ta sami haske da alamun da za ta kama. Farin bango sumul, gilashin taga da fuskar ruwa duk suna rikita ta, wayar lantarki da siririn reshe marar ganye kuwa sau da yawa ba ta ganinsu sai farfela ta riga ta taɓa su. Da magariba ta yi, ganin nata yakan dusashe, shi ya sa aka sanya wa jirgin DJI Air 3S na 2024 na'urar auna nisa da hasken lesa, amma gaba kawai take dubawa. A jiragen DJI, duk wanda ya zaɓi tsarin tashi mai gudu sosai ya kashe wannan kariya gaba ɗaya, kuma jirgin zai buƙaci fili mai tsawo kafin ya iya tsayawa.