Wata bakwai ina neman Jim Burke, ashe ba a taɓa haihuwarsa ba

Dala uku na sayi faifan, a wata kasuwar gwanjo a jihar Kentucky, daga hannun wani dattijo da ke sayar da tsofaffin fitilu da ƙarafan noma. Faya-fayan suna cikin kwali a ƙarƙashin teburinsa, babu ko riga, sun manne da juna saboda ƙura. Na ɗaga ɗaya, mai nauyi kamar farantin tangaran, na karanta sunan da ke tsakiya: Fiddlin' Jim Burke. Ban san shi ba. Abin da ya sa na saya ke nan.

Da na ɗora shi a kan garmaho, abin da ya fara fitowa ƙara ce kamar ana suya. Can ƙarƙashinta sai ga goge. Ba irin gogen nan mai gudu ba da na saba ji a kiɗan old-time, wato tsohon kiɗan mutanen tsaunukan Apalashiya na goge da banjo da jita. Wannan mutumin yana jan izga a natse, yana lanƙwasa sauti kamar mai zolaya. Minti uku ya ƙare, don kusan iyakar abin da fuska ɗaya ta irin wannan faifai mai juyi 78 a minti ɗaya ke ɗauka ke nan. Na mayar da allura farko. A daren na ji shi ya fi sau goma, har maiɗakina ta leƙo ta ce ko dai faifan ne ya maƙale.

Daga nan na shiga nema. Na bincika intanet, na tambayi masu tara faya-fayai, na sayi wasu tarin tsofaffin kiɗa guda biyu don kawai in duba ƙananan littattafan da ke cikinsu. Babu hoto, babu garin haihuwa, babu jika ko ɗaya da ya fito ya ce kakana ne. Mutum ya iya goge haka, a ce ya ɓace kamar an shafe shi?

Wanda ya fitar da ni wani ma'aikacin laburare ne. Bai ce komai ba, ya kawo mini wani ƙaton kundi da Tony Russell ya haɗa, wanda ya fito a 2004, mai ɗauke da jerin faya-fayan kiɗan karkarar Amurka daga 1921 zuwa 1942. Na buɗe wajen Burke, sai kundin ya tura ni wani shafi: Doc Roberts. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Doc Roberts na gundumar Madison a Kentucky, wanda ina da kiɗansa a gida tun tuni, ban taɓa haɗa su ba.

Ga yadda abin yake a wancan zamanin. Kamfanin Gennett da ke Richmond a jihar Indiana reshe ne na wani kamfanin ƙera fiyano, kuma ɗakin ɗaukar sautinsa yana daf da layin dogo, har sai an dakata idan jirgi zai wuce. Idan suka ɗauki kiɗa, sukan fitar da shi da sunan mai shi a kan faifansu mai tsada. Sai kuma su sake buga shi a faya-fayan arha irin su Champion, ko su ba kantin Sears ya sayar ta gidan waya da tambarin Supertone ko Challenge, da sunan bogi. Mai saye ba zai gane kiɗa ɗaya ne ake sayarwa farashi biyu ba. Roberts ya zama Jim Burke a nan, ya zama Frank Nelson a can. Kuma shi nasa da sauƙi. Mawaƙi Vernon Dalhart, sunayen bogin da aka fitar da shi da su sun haura ɗari.

Tun daga ranar na daina yarda da sunan da ke kan faifai. Abin da ba ya ƙarya ita ce lambar da kamfani ke ba kowane ɗauka a littafinsa, wadda galibi ake zana ta a santsin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Sai ka karkata faifan a gaban fitila kafin ka gan ta. Da ita za ka je kundi, ko rumbun bayanan tsofaffin faya-fayai na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ka ga ranar da aka ɗauka da waɗanda ke cikin ɗakin.

Mutane kan tambaye ni me ya sa waɗannan faya-fayan suke wuya haka, alhali ba su wuce shekara ɗari da ƴan kai ba. Mai goge Eck Robertson ya ɗauki nasa a 1922, Fiddlin' John Carson a Atlanta a 1923, Ralph Peer, mai ɗaukar wa kamfani kiɗa, ya kafa na'urarsa a garin Bristol a 1927. Kasuwa ta buɗe ke nan, sai tattalin arziki ya karye a 1929. Abin da aka buga a 1931 da 1932 kaɗan ne ƙwarai, don wanda ba shi da na abinci ba ya sayen faifai. Sannan faifan kansa da wani irin ƙaro ake yin sa, mai fashewa da zarar ya faɗi. Lokacin yaƙin duniya na biyu ƙaron ya yi ƙaranci, aka riƙa tattara tsofaffin faya-fayai ana narkarwa. Abin da ya tsira, masu tara faya-fayai irin su Joe Bussard na jihar Maryland ne suka bi gida-gida a ƙauyukan tsaunuka suna ƙwanƙwasa ƙofa suna saye.

Wata kasada da na yi, kada wani ya maimaita: na taɓa goge wani faifai da sinadarin barasa don in cire datti. Yana narkar da ƙaron. Ina kallo layukan suka yi fari. Ruwa da ɗan sabulu da burushi mai laushi sun isa. Allurar faifan zamani ma ta yi siriri, tana nutsewa ƙasan layin ta kwaso ƙara zalla. Sai an nemi mai kauri.

Neman bluegrass, wani salon kiɗa da ya samo asali daga old-time, kuma wani aiki ne daban. Shi kiɗan ya samu siffarsa ne bayan makaɗi Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar mawaƙi Bill Monroe a ƙarshen 1945 da salon banjonsa na yatsa uku. Na manyan kamfanoni ba a wahalar samu. Wahalar tana wajen ƙanana irin Rich-R-Tone na Johnson City a Tennessee, inda mawaƙan nan Stanley Brothers suka fara yin faifai a 1947, mai kamfanin yana yawo da faya-fayan a bayan motarsa. Ni a ganina ma mafi daɗin bluegrass bai taɓa hawa faifai ba. Yana cikin shirye-shiryen rediyo na rana, da tef ɗin da masoya suka naɗa a filayen wasa irin New River Ranch a Maryland, aka riƙa kwafa hannu zuwa hannu har sauti ya dushe. Rumbun sauti na Kwalejin Berea ya adana irin waɗannan da yawa, kuma ana iya sauraron wasu kyauta.

Na koma kan Roberts. Da na karanta tarihinsa, sai na ga ya sha faɗa cewa yawancin salonsa ya koye shi ne wajen Owen Walker, wani baƙar fata mai goge a yankinsu. Lanƙwasar nan da ta hana ni barci, daga can ta fito. Na rubuta sunan Walker a takarda, na koma laburare, na buɗe kundin wajen harafin W, na bi da yatsa har ƙasan shafi. Babu shi. Ba a taɓa sa shi gaban na'ura ba.

Faifan dala ukun yana nan a kan kanta, cikin rigar takarda da na saya masa. A jikin rigar na rubuta sunaye uku da fensir, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: Burke, Roberts, Walker.