Adakar Baba

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu hannuna warin tsohuwar takarda yake, sau uku ina wankewa da sabulu bai fita ba. Yau muka buɗe ofishin lauyancin Baba, wata goma sha ɗaya cur da rasuwarshi. Da ta ni ce da an ƙara jinkirtawa, amma mai shago yana son wurinshi kafin ƙarshen wata, kuma Yaya ya ce ba zai ci gaba da biya ma takardu haya ba. Ban ga laifinshi ba.

Da hantsi muka isa Ƙofar Ƙaura, ni da Yaya da Auta. Baba Akawu ya riga mu, yana zaune kan benci da carbinshi. Shekara talatin da wani abu ya yi yana buga ma Baba takardu da tafireta, yanzu idonshi ya yi rauni, amma da ya ji za a buɗe ofis bai jira an aika mashi ba. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da muka ɗiga mashi man keke. Ciki kuwa ƙurar hunturu ta lulluɓe komai. Baƙar rigar Baba da hular gashinshi suna rataye inda ya bar su, kalanda ma tana kan watan da ya kwanta ciwo. Ta bangon baya, inda rufi ke yoyo da damina, gara ta gama da kwali huɗu. Na ɗaga fayil ɗaya ya zube mani a hannu kamar dussa.

Yaya ya dubi tarin ya ce a kira masu kura su kwashe, masu ƙosai su ɗebi na ƙunshi, sauran a cinna masu wuta. Baba Akawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, auren mutane da gadonsu ne a cikin nan. In aka kai ma wani ƙosai a takardar sakin uwarshi fa?" Auta ta ƙyalƙyale da dariya, Yaya ya fita amsa waya, bai sake maganar wuta ba.

Adakar tana ƙarƙashin tebur, koriya, ta ƙarfe, irin ta 'yan makarantar kwana na da. Inna ce ta ba ni ɗan mabuɗinta da safe, ta kwance shi daga bakin zanenta ba ta ce mani komai ba. Na zaci kuɗi ne ko takardun fili. Sama-sama dai rayuwar Baba ce a jere: takardar gama karatun lauya a Kongo, Zariya, 1974, ta kiranshi lauya a Legas 1975, da hotonshi siriri cikin hular da ta fi kanshi girma. Sai takardar ɗaukar aiki a Ma'aikatar Shari'a a Kaduna, da wadda ta maido shi gida a 1987 lokacin da aka yanke jihar Katsina daga Kaduna. Bayan 'yan shekaru ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe wannan ɗan ofis. Duk wannan na sani.

Abin da ban sani ba yana can ƙasa cikin gafaka. Kundin kakanmu ne, Malam, wanda ya yi muhuti, wato mataimakin alƙali, a kotun alƙali zamanin En'e. Takardu ne warwara, ba ɗinki, an rubuta su da tawada cikin Larabci irin rubutun allo, sai sunayen ƙauyuka da na mutane ke fitowa da Hausa. Kusa da gafakar akwai littattafan rubutu goma sha ɗaya irin na 'yan firamare, cike da rubutun Baba da fensir. Ashe fassara kundin yake yi, shari'a bayan shari'a. Ga wanda ya ari jaki ya mutu a hannunshi, ga rikicin iyakar gona da aka raba da shaidar dattawa biyu da wata tsamiya, ga matar da ta nemi hul'i ta mai da sadaki fam biyu da sule goma. A gefen kowace Baba ya rubuta inda alƙali ya samo hukuncin, cikin littattafan fiƙihu, mafi yawa Muhtasar ko Tuhufa, wani wuri Risala. A ta jakin har ya ja layi biyu ya rubuta, "Da ni ne lauyan mai aro da na sha kaye."

Nan na zauna ƙasa dirshan, na manta da abin da ya kawo mu.

Muna yara in Baba ya fara zancen tarihin shari'a sulalewa muke yi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ɓata mashi rai shi ne ɗalibin lauya ya ɗauka shari'a ta fara ne a ƙasar nan ranar da Turawa suka shigo Katsina a 1903. Yakan ce garin da ya yi manyan malamai irin Ɗan Marina da Ɗan Masani ba a koya mashi zaman shari'a. A littafi na uku ya shimfiɗa maganar dalla-dalla: Turawa sun tarar da alƙalai sun bar su kan buzunsu, sai dai sun hana hukuncin yanke gaɓa, kuma Razdan da Di'o suna da ikon duba littafin kotu su taɓa hukunci. Lauya kuwa ba a yarda ya tsaya gaban alƙali ba sam. Wato Malam ya gama aikinshi kaf bai taɓa ganin lauya a zauren shari'arshi ba, sai ga ɗanshi na fari ya ce shi lauya zai zama.

Wasiƙar da Malam ya aika mashi Zariya tana nan, da ajami, an naɗe ta gida huɗu. Ajamina ba ya tafiya sosai, Baba Akawu ya sa tabarau muka haɗa ƙarfi. Bayan gaisuwa da labarin damina, Malam ya ce ya ji an ce aikin lauya shi ne a biya mutum ya kare wanda ya san ba shi da gaskiya, to shi bai haifi ɗa don wannan ba, amma tunda Allah ya nufa, ya roƙe shi kada ya ci kuɗin maraya kuma kada ya tona asirin wanda ya kawo mashi kuka. Ƙarshe ya ce an aiko da ƙuli-ƙuli da sule biyar. Baba bai taɓa nuna mamu wannan takarda ba.

Littafi na bakwai duk kan Final Kod ne, wato kundin dokar laifuffuka ta Arewa. Ni da na haddace sassanta don jarrabawa ban taɓa damuwa da inda ta fito ba. Baba ya bi sawunta tun daga kwamitin masana da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958 ƙarƙashin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, zuwa zartar da ita a 1959 da fara aiki da ita a 1960. Ya nuna an kwaikwayo ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan jikar ta Indiya ce ta 1860. Daga nan ya gangara kan 1967 da 1968, lokacin da aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe na alƙalai daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki. A lokacin ne Malam ya ajiye alƙalami ya koma karantarwa a zaure. Akwai kuma guntayen jaridu da ya yanka kan Mai Shari'a Muhammadu Bello, Bakatsinen da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, shi ma ɗan muhuti, da kan Galadiman Katsina Mamman Nasir da ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992.

Gaskiya in faɗa, a matsayin lauya Baba bai iya karɓar kuɗi ba. Tsararrakinshi sun yi gidaje a Ji'ar'e, shi kuwa buhun gero da zabi ake kawo mashi daga ƙauye ya ce Allah ya amfana. Ɗan abin da ya samu kuma sai ya shiga mota ya tafi gidan adana takardun tarihi na Kaduna ya yi kwana uku. Inna ta sha mita, ni ma na taya ta. Littafin da ya ce zai rubuta kan alƙalanci a Katsina bai wuce gabatarwa ba, na ƙirga ya sake shafin farko sau tara, kowanne da irin buɗewarshi. Haushi ya kama ni da tausayi lokaci guda, don kayan aikin duk ga su, haɗawa ce kawai bai yi ba.

Bayan azahar muka koma kan fayilolin masu ƙara, aikin da ba daɗi. Ina cikin jerawa na buɗe wani na 1994, idona ya faɗa kan sunan wata dattijuwa da ke layinmu, wadda nake durƙusawa in gaida kullum. Layi biyu na karanta na rufe. Da ban karanta ba ya fi mani, don gobe ma sai na gaishe ta. Daidai lokacin na waiga na ga Auta tana ɗaukar takardu hoto da waya, wai za ta sa a Facebook mutane su ga rubutun da. Na karɓe wayar na goge su duka, har da na kundin Malam, don jikokin matar hul'in nan ƙila suna cikin garin nan. Ta yi fushi, har yanzu ba ta yi mani magana ba.

Kashi uku muka yi. Takardun gona da na gida na asali, Baba Akawu ya ce ya san gidajen masu su ko magadansu, zai bi su da kanshi in an ba shi kuɗin mashin. Fayilolin da aka daɗe da gamawa na kulle su a ofishina har in yi shawara da manyana a aiki. Adaka kuwa na ce ba mai taɓa ta. Yaya ya ce a kai ta gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko jami'a, su sun fi mu sanin yadda ake adanawa. Ƙila shi ke da gaskiya, gara ba ta san gidan lauya ba. Na ce mashi sai na karance littattafan nan tukuna.

Da magariba na kai ma Inna wasiƙar Malam. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce ita ta san da ita, a aljihun rigarshi take kwana shekarun farko na aurensu, har sau ɗaya ta kusa wanke ta. Na miƙa mata ɗan mabuɗin, ta ture hannuna ta ce in ɗaure a nawa zanen.

Jibi Litinin ina da shari'ar gado ƙarfe tara, ban ko buɗe fayil ɗin ba. Ga littafi na huɗu nan kan matashina, na tsaya a inda wani Bafillace ya kai ƙarar sarkin fawa kan kuɗin sa, kuma wutar ta ɗauke.