Bin Sawun Magudanar Kwal ta Somerset

A kudancin birnin Bath na ƙasar Ingila akwai ragowar wata magudana da aka haƙa domin jiragen ruwa su riƙa dakon kwal daga mahaƙan Paulton da Timsbury, wadda majalisar dokoki ta amince da haƙa ta a 1794, aka kuma kammala ta a 1805. Na bi sawunta a ƙafa tun daga Dundas, inda take haɗuwa da magudanar Kennet da Avon, inda har yau ake ɗaure jirage a ɗan guntun da aka gyara. Da na wuce nan sai ruwa ya ƙare, aka bar ni da gonaki da kurmi.

Abin da na fara koya shi ne, mai neman matacciyar magudana shimfiɗar ƙasa zai riƙa dubawa, domin duk inda ya ga wani ɗan kwari yana zagaye tudu ba hawa ba gangara, to ita ce. Wannan dabara ta yi mini rana, saboda bayan da jirgin ƙasa ya ƙwace mata kasuwa aka rufe ta a 1898, an shimfiɗa layin dogo a kan wasu sassanta, shi ma daga baya aka yi watsi da shi, har kufai biyu suka cakuɗe.

A Combe Hay na fi daɗewa. Nan ne gangaren ya gagari magina, har injiniya Robert Weldon ya kawo dabarar wani ƙaton akwatin katako da jirgi zai shiga a rufe shi ruf, a nutsar da shi cikin rijiyar da aka gina da dutse, ya fito ta ƙasa. An gwada shi, amma bangon rijiyar ya riƙa kumbura, dole aka haƙura, a ƙarshe aka gina matakalar ƙofofin ruwa 22, wato ramuka masu ƙofofi da ake cika su da ruwa ko a rage shi domin jirgi ya hau ko ya sauka mataki-mataki. Na tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu, ramin a bushe, gansakuka ta lulluɓe duwatsun, saiwoyin bishiya sun kutsa tsakaninsu, amma jerin ginin yana nan cif yadda magina suka aza shi. Raina ya sosu ƙwarai da ganin aikin hannu irin wannan yana zubewa, ko da yake masu aikin sa-kai suna ƙoƙarin sare kurmin.

A wajen haƙa wannan magudana ne safiyo William Smith ya lura cewa duwatsun ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa suke bisa tsari guda, abin da ya kai shi ga zana taswirar duwatsun Ingila a 1815.

Wanda zai je, ya bari sai ganye ya zube, lokacin ne ginin yake fitowa fili. Ya sa takalmin da zai jure taɓo, ya kuma tsaya kan hanyoyin ƙafa da aka yarje wa jama'a, domin wurare da dama yanzu gonaki ne da gidajen mutane.